Farin Ƙyallen Evdokia

Akwai wani ƙaramin gari a arewacin Girka, kusa da kan iyaka, inda matattu suka fi rayayyu yawa. Maƙabartar sojojin Ingila tana gabas, ta Faransawa a kan tudu, ta sojojin ƙasar Sabiya a bakin hanya, duk tun wani yaƙi da ba sauran wanda ya gan shi. Motocin baƙi kan zo, a ɗauki hoton kaburbura, a sha kofi a tsaye, a wuce. Ba mai tambayar masu rai. Matasa kuwa tuni suka tafi Jamus neman aiki.

A nan wata tsohuwa mai suna Evdokia take zaune ita kaɗai. Mijinta ya rasu, ba ta kuma taɓa haihuwa ba.

Ba mutuwa take tsoro ba, abin da ke biyo bayanta ne. Maƙabartar 'yan gari ita ce ƙarama, saboda haka in mamaci ya yi 'yan shekaru a ƙasa sai a tone shi. Matan gidansu su wanke ƙasusuwansa da ruwan inabi, su naɗe a farin ƙyalle, a sa a akwati mai sunansa a ɗakin bayan coci. Wanda ba a zo masa ba, sai a juye shi a ramin kowa da kowa.

Evdokia ta ɗinka nata ƙyallen tun da sauran ganinta, ta yi masa ado da jan zare. Hannun da zai naɗe ta ne babu.

Maƙwabciyarta Argyro, uwar 'ya'ya maza uku, kan leƙo ta katanga ta ce, "Ke Evdokia, har yau kina shanya ƙyallen nan? Wa zai naɗe ki, kyanwarki?"

"Ita dai kyanwar tana gida. 'Ya'yan naki fa?"

"Nawa? Ranar tona ni sai an rasa wurin ajiye mota!"

Argyro ce ta riga mutuwa. 'Ya'yanta suka zo, suka binne ta, suka kulle gida, suka koma Jamus. Katangar ta yi shiru. Evdokia ta yi mamakin yadda ta yi kewar mai zaginta.

Shekaru suka wuce. Wata safiya Thanasis mai haƙa kabari ya tsaya a ƙofarta yana murza hularsa.

"Goggo, lokacin tone Argyro ya yi. Na kira yaran har na gaji. Wannan ya ce aiki, wancan ya ce yanzu ai an daina irin wannan. Gobe zan kai ta rami."

"Ba mace ko ɗaya daga gidansu?"

"Ko inuwa. Amma ke me ya dame ki? Matar da ta hana ki shan iska a tsakar gidanki?"

Evdokia ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati, ta daɗe tana shafa jan zaren. Idonta ya mutu, ba za ta iya ɗinka wani ba.

Washegari ta durƙusa a bakin kabarin da kwano da tulun ruwan inabi. Ta wanke ƙashi bayan ƙashi, har 'yan ƙananan na yatsu. Da ta gama, ta ɗauki ƙoƙon kai ta sumbace shi, ta ce, "To, ga motocin naki, Argyro. Ni ce kaɗai, kuma da ƙafa na zo." Ta naɗe ta a ƙyallen nata mai jan zare, ta koma gida hannu wofi.

Da lokacin kaka ya zo, wata mata ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Lemonia ce, jikar Argyro, ma'aikaciyar jinya a Jamus. Sai daga baya ta ji abin da iyayenta maza suka yi, ta taho neman kakarta a rami, ta tarar da ita a akwati mai suna.

"Thanasis ya ce ƙyallenki ne. Na kanki."

"Thanasis baki gare shi. Shigo, ga kofi."

"Goggo, ki koya mini yadda ake yi. Daga ina ake farawa, me ake cewa."

"Don wa? Ai an gama da kakarki."

Lemonia ta kama hannunta. "Don ke."

Evdokia ta juya fuska ga katanga. Sannan ta ce, "Daga kai ake farawa. Kuma ki kula da 'yan yatsu, su ne ke ɓata a ƙasa."

Lemonia ta koma Jamus, gidan ya sake yin shiru. Amma kafin ta tafi ta ɗinka sabon farin ƙyalle, ta bar shi a akwatin Evdokia. Ɗinkin a karkace yake. Evdokia kan shanya shi a kan katanga duk ranar da aka yi rana.

Darasi: Kada yawan 'ya'ya ya sa ka raina wanda ba shi da kowa, domin ba ka san hannun da zai rufa maka asiri a ƙarshe ba. Alherin da ka yi wa wanda ba zai iya gode maka ba, ba ya ɓata. Tura wa wani, sannan ka leƙa tsohon da ke zaune shi kaɗai a unguwarku.