Keturah da Karnukan da Kowa Ya Yar

Akwai wata mata a Jimeta mai suna Keturah, tun zamanin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo, Manasseh, yana fagen yaƙin basasa. Wankin zannuwan gado take yi a asibiti, ta dawo gida ba mai ce mata sannu.

Wata rana a hanyar dawowa ta tarar da wata 'yar ƙaramar karya a bayan gidan wani Bature da ya koma ƙasarsu. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, ƙazuwa ta cinye gashin bayanta. Keturah ta naɗe ta a gyale ta kawo gida. Ba a yi wata biyu ba ta tsinto wani ɗan kwikwiyo a bakin kwata, inda jirgin fito yake sauke mutane, mota ta take masa ƙafar baya.

Ta sa wa tsohuwar suna Madam, shi kuma Ɗan Kwata.

Kullum da safe sai ta kwaɓa farar wuta da man kaɗanya ta shafa wa Madam, ta cire musu kaska, ta wanke ƙafar Ɗan Kwata da ruwan gishiri. Madam ba ta iya tauna, sai an dama mata tuwo da romon kifi. Ga kuma wani hali da ta zo da shi: ba ta taɓa kwano sai ta ga mutum zaune kusa da ita yana ci.

Maƙwabciyarta, Gogo Asta, takan leƙo ta saman zana ta girgiza kai.

"Keturah, asibitin da kike aiki bai ishe ki ba, sai kin buɗe na karnuka? Kar dai su shigo mini gida."

"Ba za su shigo ba, Gogo. Ko ƙofata da ƙyar suke kaiwa."

Da aka gama yaƙi, Manasseh ya dawo da ƙafa ɗaya da sanduna biyu. Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba ya magana, abinci sai ya yi loma biyu ya ture. Fasto ya zo ya yi addu'a, abokai suka zo har suka gaji. Keturah tana kallon ɗanta yana ramewa, sai ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta.

Ran nan aka canza mata aiki, za ta wuni a asibiti. Ta shiga ɗakin Manasseh da kwano biyu, ta ajiye Madam a kan tabarmarsa.

"Manasseh, ba don ni ba. Tsohuwar nan ba ta ci sai ta ga ana ci. In ka ƙi, da yunwa za ta wuni."

Ta juya ta fita.

Da la'asar ta dawo, tun daga ƙofa ta ji murya. Ta tsaya cak.

"Haba Madam, saura kaɗan. Duba, ni ma na cinye nawa."

Kwanonin biyu babu komai. Ɗan Kwata ya ja jiki ya ɗora kansa a cinyar Manasseh yana barci.

Daga ranar shafa magani ya koma hannunsa. Da ciwon Ɗan Kwata ya sake ruruwa, Manasseh da kansa ya ce, "Mama, ki ɗaure mini shi a baya." Ya dogara sandunansa har asibitin dabbobi, fitarsa ta farko cikin wata huɗu. Yana tafe ana gaishe shi, yana amsawa.

Washegari Gogo Asta ta miƙo ƙwaryar nono ta saman zana.

"Rabi na sojanmu," in ji ta. "Rabin kuma a ba tsohuwar. Amma ke za ki zuba mata, ni ba zan taɓa ta ba."

Daga cikin ɗaki Manasseh ya fashe da dariya. Keturah ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, hawaye na zubo mata.

Darasi: Kada ka raina halittar da ciwo ya kayar, ko dabba ce. Tausayin da ka yi mata ba ya faɗuwa ƙasa, Allah kan mayar maka da shi a ranar da ka fi bukata. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake jinya a yau har ya fara gajiya.