Ranar da Injin Gahawa Ya Daina Nishi

Akwai wani mutum, mai gida, wanda ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa wani likita ɗan ƙasar waje. Da likitan ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa injin dafa gahawa. Irin wanda ake zuba wa ruwa ta baya ne, a sa garin gahawa a sama, a jona shi da wuta, ruwan ya bi ta wani siririn bututu a ciki ya yi zafi, ya riƙa ɗiga cikin butar gilashi. A gidan likitan mutumin ya koyi shan gahawa, har ta kai in bai sha da safe ba kansa sarawa yake yi.

To, ku zo ku ga gata! Kullum sai ya goge injin nan da farin ƙyalle har ya ga fuskarsa a jiki. Ya sa tela ya ɗinka masa riga. Ya kafa doka, kada wanda ya taɓa masa shi. Ruwa kuwa ba ya zuba masa na rijiya, sai na burtsatsen ƙofar gidansa, ruwa garai-garai, ko ka ɗaga shi a rana ba ka ganin ɗigon datti.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu birane. Su biyu ne a gidan, shi da yayarsa, wata gwauruwa mai suna Afiniki. Ita ta goya shi bayan mutuwar uwarsu, shi ya sa har furfura ta fito masa ba ta kiransa da wani suna sai Auta. Ita ma a gidan likitan nan ta yi aiki, tana girki.

Wata rana mutumin ya kama hanyar gona, sai ya tuna ya bar wuƙarsa, ya juyo. Yana shiga ɗaki ya tarar da Afiniki tsaye gaban injin. An tuɓe masa riga, ga ɓawon lemun tsami a tebur, wani gurɓataccen ruwa yana ɗiga cikin butar, fararen abubuwa suna yawo a ciki. Idonta a rufe, leɓunanta suna motsi. A makon nan kuwa ciwon ciki ya dame shi, ya kuma taɓa jin ɗan tsami-tsami a gahawarsa.

Ya ce, "Yaya, me kike zuba mini a nan?"

Ta ce, "Ruwan lemun tsami ne, Auta. Cikinsa nake wankewa. Matar likita ce ta nuna mini. In tsamin ya gama bi, sai in bi shi da ruwa zalla sau biyu."

"Tun yaushe?"

"Tun da na dawo gidan nan. Duk bayan wata biyu."

"Shekara shida ke nan, a ɓoye?"

"Kai ka ce kada a taɓa. Na san halinka."

"To, bakinki me yake faɗa?"

Ta ce, "Addu'a nake maka."

Mutumin ya dubi gurɓataccen ruwan nan. Ya ce a ransa, ni da hannuna nake zuba masa ruwan da ya fi kowane ruwa tsabta a garin nan, ina datti zai fito? Abin da ke fitowa, ita ta zuba shi. Sai ya buɗe baki ya ce, "Sammu kike mini."

Ku ji fa! Mutumin da ke zama a benci na biyu a majami'a, wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi in ana waƙa. In na zo nan wajen raina ɓaci yake yi, ba na ɓoye muku.

Afiniki ta ce, "Ni, Auta? Ni da na tauna abinci na sa maka a baki?" Ta shiga ɗakinta ta haɗa kayanta, jaka ɗaya tak, za ta koma ƙauyen uwarsu wajen dangi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Zai fara nishi. In ya fara, ka zuba masa tsami. Kada ka bari ya yi shiru." Shi kuwa sai ya ɗauka baki ta yi masa.

Wata na farko lafiya lau, na biyu ma haka. Mutumin yana shan gahawarsa yana cewa ya rabu da bala'i. Daga nan sai injin ya fara jinkiri. Butar da take cika kafin ya gama wanke fuska, yanzu sai ya yi wanka ya sa tufafi ba ta kai rabi ba. Gahawar ta rage zafi, ta ƙara ɗaci.

Ran nan da safe, rana ta fito sarai, gidan tsit, ya jona injin ya juya baya. Sai ya ji an ja numfashi a bayansa. Dogon numfashi, mai kakari, irin na tsohon da ƙirjinsa ya cika. Ya waiga, ba kowa. Aka sake ja, aka sake shi a hankali. Daga cikin injin ne.

Tun daga ranar, kowace safiya sai ya yi. Ya ja, ya shaƙe, ya yi shiru har mutumin ya ce ya ƙare, sannan ya saki wani nishi da ke bin bango ya cika ɗakin. Kyanwar gidan da ta saba kwanciya ƙarƙashin teburin ta daina shigowa. Wani lokaci, in nishin ya yi tsawo, sai mutumin ya ji kamar sunansa ake ja a ciki, sunan nan da mutum ɗaya ce kawai a duniya take kiransa da shi. Sai ya fita tsakar gida ya tsaya, zufa tana keto masa, har butar ta cika.

Sannan ya fara ganin fararen ɓarɓashi a gindin kofinsa, kamar dakakken ƙashi. Wata safiya ya kurɓa ya ji abu a harshensa, ya tofar a tafin hannu. Wani ɗan farin abu ne mai tauri, sak haƙorin jariri. Ya ƙunshe shi a takarda, ya bi maƙwabta yana nunawa, yana cewa, "Kun ga aikin yayata? Tana can, amma hannunta yana nan." Wasu suka kama baki. Ya dawo ya ɗora hannu a kan injin ya tsauta masa da babbar murya, ya shafa masa mai, ya ƙara goge shi. Bai taɓa ƙyalli kamar na kwanakin nan ba. Lemun tsami kuwa ga itacensa nan a bayan ɗaki, yana zuba a ƙasa yana ruɓewa.

Sau biyu aka aiko daga ƙauye, aka ce Afiniki ba ta da lafiya, tana nemansa. Sau biyu ya ce, "Ta kwance abin da ta ɗaure tukuna."

Wata Talata da hantsi ya zuba ruwa, ya sa gari, ya jona. 'Yar jar fitilar injin ta kama. Ya tsaya yana jiran nishin. Shiru. Ya kara kunne. Ko motsi babu, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Mutumin nan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na gode wa Allah, sammu ya karye!" Ya ce abin da ya rage ɗan gyara ne, waya ce ta saki. Ranar ya ci abinci da daɗi.

Ran Alhamis ya kai injin kasuwa wajen Habila mai gyaran kayan wuta. Habila ya kifa shi, ya kwance gindin, ya ciro bututun, ya ƙwanƙwasa shi a kan benci. Sai ga wani farin abu ya zaro ya faɗo, dogo, mai ɗan lanƙwasa, kamar ƙashin yatsa. Mutumin ya yi tsalle baya ya ce, "Ka gani ko? Ƙashin mutum!"

Habila ya ɗauke shi daga kan bencin. Ya jefa abin cikin gwangwani, ya yanka lemun tsami ya matse a kai. Nan take ya fara kumfa yana tsuwa, gefensa yana zagwanyewa.

Mutumin ya ce, "Wa ya sa mini wannan a ciki?"

Habila ya ce, "Baba, wa ke zuba masa ruwa?"

"Ni kaɗai."

"To, kai ka sa. Ruwan burtsatse ne ko? Yana ɗauke da alli a narke, ido ba ya gani. In ya ji zafi sai allin ya kwanta a jikin bututu, yau kaɗan, gobe kaɗan, hanya tana matsewa. Nishin da ka ji, ruwa ne yake neman wajen wucewa. Da a lokacin ka zuba masa tsami, da ya warke. Yanzu ya toshe gaba ɗaya, ƙarfen da ke dafa ruwan ya ƙone, ba ni da abin da zan yi masa." Ya sake juya injin a hannunsa ya ce, "Amma dai akwai wanda ya riƙa wanke maka shi a da. In ba haka ba, da ruwan nan ko shekara biyu ba zai yi ba."

Mutumin ya zauna a ƙasa, nan cikin kasuwa.

Kashegari ya shiga motar farko zuwa ƙauye. Tun daga nesa ya hangi rumfa a ƙofar gidan, mutane zaune a kan benci. Wata tsohuwa, wadda ta yi jinyar Afiniki, ta tare shi ta ce, "Sai yanzu? Jiya muka binne ta. Kwana da kwanaki tana nishi tana kiran Auta. Ran Talata da hantsi ta yi shiru."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli a bakin tsohon zane, ta miƙa masa. Ta ce, "Ta ce in ka zo a ba ka wannan, a kuma gaya maka ba ta riƙe ka a zuciya ba." Ya kwance. Lemun tsami ne guda shida, sun bushe sun yi baƙi saboda jira.

Kada wani ya tare ni bayan sujada ya ce, Malam, ashe ita ce a cikin injin? Ni ban ce ba. Alli ne ya toshe shi, Habila ya nuna muku. Yadda aka yi safiyar ta zo ɗaya, wannan na bar wa Ubangiji.

Ma'anar wannan misali ita ce, injin nan zuciyarka ce, da taki, da tawa. Ba laka mutumin nan ya zuba ba, ku lura da kyau. Ruwa mai kyau ya zuba. Mu ma yawancinmu a ɗakin nan ba mu kashe kowa ba, ba mu fasa gidan kowa ba. Ranakunmu garai-garai suke, ko an ɗaga su a rana. Amma a cikinsu akwai abin da ido ba ya gani: 'yar ƙaryar da ka yi don kada ka ji kunya, gaisuwar da ka hana ɗan'uwanka, daɗin da kika ji da aka ce wance ta faɗi. Kowace rana kaɗan yake kwantawa. Kana goge waje, kana sa rigar Lahadi, mutane suna ganin fuskarsu a jikinka, ciki kuwa hanya tana matsewa. In abin ya fara fitowa a maganarka da halinka, sai ka ƙunshe shi a takarda ka bi gari kana neman wanda ya yi maka. Ba wanda ya yi maka, ɗan'uwa. Da hannunka ka zuba.

Ruwan tsamin nan shi ne tsautawar da Allah yake aiko mana ta Maganarsa, da ta bakin masu ƙaunarmu. Ba ta da daɗi. Wa ya taɓa shan lemun tsami bai yamutsa fuska ba? Kuma in ta shiga, datti take fitarwa, shi ya sa muke cewa ita ta kawo dattin. Sai mu kori mai tsautawar, mu ce maƙiyi ne. Ku tuna wanda ya taɓa gaya muku gaskiya kuka daina gaishe shi. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ni ma ina da nawa, kada ku ɗauka daga sama nake magana.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan ba nishin ba ne. Nishin alheri ne. Muddin injin yana nishi, akwai sauran hanya a cikinsa, tsami zai iya wucewa. Haka lamirin mutum yake. In kin yi abu ya hana ki sakewa, in sunan wani yana dawo maka kowace safiya ba ka so, Ruhun Allah ne yake neman wajen wucewa. Ranar da za ka yi mugunta ka ji shiru, ka ci abincinka da daɗi, har ka ɗaga hannu ka ce ka sami salama, wannan ranar ce abin kuka.

Afiniki ta gafarta, kun ji da kunnenku. Ubangijinmu ya fi Afiniki jinƙai, kuma shi yana iya ba da sabuwar zuciya inda mai gyara ya ce ba abin yi. Amma mutumin da ka zalunta ba zai zauna har abada yana jiranka ba. Mai gidan nan ya sami gafara a ƙulle a bakin zane, bai sami kunnen da zai ce wa "Yaya, na yi kuskure" ba. Injin yana nan a kan teburinsa cikin rigarsa, kowace safiya yakan tsaya a gabansa ya kara kunne.

Saboda haka, wanda nasa yake nishi yanzu da nake magana, ya gode wa Allah. Ka san sunan da kake ji a ciki, ka kuma san hanyar gidansa. Kada ka ci abincin rana yau sai ka je.