Dilon Damaris

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin daji, sunanta Damaris. Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbuna suka zama wayam. Sai mutane suka koma ga anza, ɗan itacen dajin nan da ba ya bushewa ko da rani. Ƙwayar 'ya'yansa, wadda ake kira dilo, tana da ɗaci mai cutarwa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, kullum a zubar da ruwan a sa sabo, kafin ta ciwu.

Damaris mace ce mai tattali, har abin ya yi mata yawa. Ga rijiya da nisa. Da ta ɗaga tukunyar da ta jiƙa dilonta za ta zubar da ruwan, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta ce a ranta, "Ai jiƙo ake nema. Bari nawa ya fi na kowa daɗewa." Ran dahuwa ta zuba gishiri da yaji da ƙuli, ɗacin ya ɓuya. 'Yarta tilo, Briskila, da yunwa ta ci ƙarfinta, ta cinye kwano guda.

Kafin yamma yarinya tana murƙususu tana amai, idanu sun juye. Damaris ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Surukarta ta shigo a guje, ta ga ruwan jiƙon a ajiye, ta ɗanɗana ta tofar.

"Damaris! Sau nawa kika sake ruwan nan?"

"Inna, ai ya daɗe a ciki..."

"Ba daɗewa na tambaye ki ba!"

Damaris ta juya ta dubi Briskila. Da hannunta ta zuba wa 'yarta wannan abu! Da ƙyar Allah ya tashi kafaɗar yarinyar.

Ma'anar wannan misali ke nan, 'yan'uwa. Dilo zuciyarmu ce. Wani ya tsufa a ikkilisiya, ba ya fashin sujada, amma fushin da yake yi da ɗan'uwansa bai taɓa zubar da shi a gaban Ubangiji ba. Sai ya rufe shi da waƙa da fara'a ran Lahadi. Daɗewa ba ta fid da ɗaci, sai tuba da gafara kowace rana. Abin da ka ƙi zubarwa kuwa, 'ya'yanka ne za su fara ci.