Babu Mai Bi Na Ko Kwabo

An yi wani mutum a unguwar Cheetham Hill, can ƙasar Turawa, injiniyan kwamfuta, mai mata da 'ya'ya biyu. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kansil, wato ƙaramar hukumar da yake wa aiki, ta rage ma'aikata, abin ya haɗa da shi. Bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Jamilatu.

Duk suna ko bikin da aka yi a Erdington, can Birmingham, sai ya ja mota ya je, babbar riga ta sha guga, kuma gudummawarsa ce ta fi ta kowa tsoka. Da me? Da bashin ruwa. Ya ci nan ya toshe can. Jamilatu tana aikin kula da tsofaffi a Gorton, da albashinta ake cefane da biyan haya. Ta yi magana har ta gaji ta yi shiru.

Sai Allah ya kawo aiki a Birmingham, wani kamfani mai kwangilar tsaro. Sharaɗi ɗaya ne: sai an tantance shi, an san ana iya ba shi amanar sirrin gwamnati.

Ranar ganawar Jamilatu ta ce, "Baban Sa'adiya, in sun tambayi bashi ka faɗa musu. Tsarin biya kawai suke son gani."

Ya ce, "Ni zan zauna gaban baƙuwa in tona wa kaina asiri? Ke kam boko ya cinye miki kunya."

Jami'ar da ke tantancewar ta tambaye shi ko ana bin sa bashi. Ya yi murmushi irin na gida, ya ce babu mai bin sa ko kwabo. Ta sake tambaya a hankali. Ya maimaita. Alhali tun kafin ya shigo sun san komai.

Aka hana shi aikin. Aka ce wanda ya ɓoye bashi don kunya, gobe wani zai riƙe shi da wannan kunyar ya juya shi yadda ya ga dama.

Ya dawo gida ya zauna a falo da takalmi a ƙafa. Jamilatu ta duba zuciyarta ko za ta sami fushi ko hawaye, ba ta sami komai ba. Ta zuba wa yara abinci, ta sa rigar aiki, ta fita tarar bas. Haka take fita har yau, kanta a ɗage.

Ya 'yan uwa, talauci ne ya kayar da mutumin nan? A'a. Rasa aiki jarrabawa ce, kowa tana iya samun sa. Riya ce ta kai shi ga riba, riba ta kai shi ga ƙarya. Rufin asiri na Allah ne, ba a ciwo shi bashi. Kuma in ka faɗi, wa ke ɗaukar gidan? Wadda ka ƙi jin maganarta.

Allah ka raba mu da rayuwa don idon mutane, ka ƙara wa masu haƙuri ƙarfi. Allah ya kiyaye mu, amin.