Ragon Sunan Motar Tanimu

An ce wai a wata unguwa an yi wani tela, Tanimu, wanda ya shekara tara yana tara kuɗi kafin ya sayi mota ta hannu. Burinsa ɗaya ne, ya kai mahaifiyarsa Iya Kande ƙauye ta ga ƙanwarta, domin tsufa ya hana ta shiga motar haya.

Sai da motar ta iso ƙofar gida ya gane saye daban, hawa daban. Ga lamba, ga inshora, ga lasin, ga tayoyi biyu da suka suɗe, ga juyen baƙin mai. Kuɗin da ya rage masa da ƙyar zai ishi takardu, maƙwabta kuma suka kafe sai an yanka ragon walima. Kwana uku yana juya abin a ransa. In ya ƙi, a ce ya yi mota ya raina mutane. In ya yanka, Iya ta ci gaba da kallon mota daga zaure.

Ya kai maganar gaban Mai unguwa Barau, maƙwabta suka rufa masa baya.

Sabo mai faci ya riga kowa baki: "Ranka ya daɗe, tela ya haihu, ya hana mu nama!"

Da dariya ta lafa, Mai unguwa ya ce, "Haihuwa ka ce, Sabo? To mu bi yadda aka saba. Yaushe ake yanka rago?"

"Ranar suna."

"Kafin sunan fa?"

Sabo ya sosa ƙeya. "Barka ake kaiwa."

"Madalla. Jaririyar nan ba ta da suna, tunda ba ta da lamba. Tanimu, ɗauki kuɗinka ka nemo mata. Ku kuwa, kowa ya kawo barka daga sana'arsa. Rago sai ta taka titi."

Sabo ya ce, "Wallahi bakina ne ya ja mini!" Kafin la'asar ya gangaro da tayoyi biyu masu sauran ƙwari. Makanike ya juye mai kyauta.

Ranar bakwai aka ɗaura lamba. Iya Kande ta hakimce a gaba, tana ta sa albarka har ƙauye. Ƙanwarta kuwa, don murna, ta kwance ragon da take kiwo ta ba Tanimu tukuici. A kujerar baya ya dawo, yana kuka ta taga. Shi aka yanka a walima, cinya guda aka kai wa Sabo.

Kuɗi ke sayen mota, amma mutane ke ɗora ta kan hanya. Kuma nama ya fi daɗi a bakin wanda ya sa hannu aka tura ta.