Filin da Ya Ɓace wa Zulfo

Tun zamanin da kyarketai suka fi mutane yawa a duwatsun Bosniya, aka yi wani maharbi Musulmi mai suna Zulfo. Kirarinsa shi ne, "Zulfo angon Nefa, dawa ba ta ɓatar da kai!" Ba zuga ba ce kuwa, bai taɓa ɓata ba.

Wata shekara da zafi ya bi sawun barewa kwana huɗu, ya ɓulla wani kwari tsakanin duwatsu uku. Fili ne shimfiɗe, ciyawa har ƙirji, ƙasa baƙa wuluk. Danginsa kuwa a tsandauri suke fama da noman sha'ir. Ya koma ya rantse musu da abin da ya gani. Gida tara suka girbe amfaninsu, suka kora tumaki, suka bi shi.

Sun iso ana gab da hunturu, bayan mamakon ruwa na kwana goma. Duwatsun uku suna nan daram. Fili ne babu. Tabki ne malale daga wannan gindin dutse zuwa wancan, har da agwagi suna iyo.

Baffa Kasim, dattijon tafiyar, ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, ina gonar? Ko a kan ruwa ka ce mu yi shuka?"

"Wallahi Baffa nan ne," in ji Zulfo. Ya sake duban tabkin. "Ko kuwa... ba nan ba ne?"

Ya zaga ruwan sau uku, ya ƙirga duwatsun ya sake ƙirgawa, kansa ya ƙulle. Idonsa na cewa nan ne, ruwa na ƙaryata shi. Kafin a yanke shawara dusar ƙanƙara ta toshe hanyar komawa, dole suka kafa bukkoki a gangare. Tumaki suka fara mutuwa. Ba wanda ya zage shi, sannu kawai aka daina yi masa, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Matarsa Nefa ta ce, "Maigida, ka bari sanyin nan ya wuce mana."

"Nefa, da ƙafata na taka ciyawar nan. In ba ta nan, to tana bayan wani dutsen." Da safe ya rataya bakansa ya tafi nema.

Da sanyi ya karye, ƙasa ta yi gurnani kamar cikin mai yunwa. Ruwan ya shiga juyawa yana zurarewa ta wani kogo a gindin dutse, kwana goma sha biyu. Ashe haka kwarin yake: kogon ya amayar da ruwa da damina, ya haɗiye shi da bazara. Sai ga baƙar ƙasa, sai ga ciyawa. Baffa Kasim ya durƙusa cikin laka yana kuka. Nefa ta hau tudu ta yi ta kiran mijinta har muryarta ta dishe. Bai dawo ba.

Ƙauyen da suka kafa yana nan a gangaren har yau, sunansa da harshensu Filin Zulfo. Kowane gida da garma da kwalekwale a rumfa ɗaya. Duk shekara, ranar da ruwa ya gama ja, tsohuwar da ta fi kowa shekaru takan hau tudun ta ƙwala kira, "Zulfo, dawo gida, ruwa ya tafi!" Sai ta ɗan tsaya ta saurara. Ba mai sa garma a ƙasa sai ta sauko.