Garwashin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta.

Wani gari ne na namun daji, ba mai ba wani wuta. Kowa tsoro yake kada tasa ta ragu. In ruwa ya kashe murhunka, sai ka ci ɗanye.

To, Bushiya tana jego, 'ya'yanta ƙanana, sanyi kaɗan zai kashe su. Wata rana ta ji maƙwabcinta Kunkuru yana tari, sai ta huda danga ta tura masa garwashi a kasko. Da tata ta mutu, sai Kunkuru ya turo mata. Gafiya ta gani, ita ma ta huda. Maƙwabta suka ga hayaƙi ba ya yankewa a gidajen nan, sai kowa ya huda dangarsa, har ƙarshen gari.

Kurege kuwa, uban wayo, karɓa kawai ya iya. Bushiya ta roƙa, ya ce, "Wayyo, yanzu ta mutu!" Ta sake, ya ce, "Toka ce zalla." Ta uku, ya ce bai ji ba, alhali gyaɗa yake soyawa. Sai ta toshe kafar dangar da ke tsakaninsu da laka.

Ana nan sai marka ta sauka. Murhu duk ya mutu, sai na wata Hawainiya can bakin gari, wadda ko sunan Bushiya ba ta sani ba. Garwashi ya taso daga danga zuwa danga. Amma ruwa ya cinye gidan Kunkuru da na Gafiya, hanya ɗaya ta rage zuwa wurin Bushiya, ta gidan Kurege.

Zomo, maƙwabcin Kurege ta ɗaya gefen, ya miƙo masa kasko, ya ce, "Hura taka, ka tura wa mai jego."

Kurege ya hura, ya zauna yana jin ɗumi. Sai ya jiyo kukan jariran yana ƙara yin ƙasa. Ya dubi kafar dangar Zomo, ita kaɗai ta rage masa a duniya, in ya hana ita ma za a toshe ta. Ni dai tausayi ya ba ni, yara, don tsoro da kunya suka haɗu suka kama shi. Sai ya sa farce yana tonon lakar nan.

Ya ce, "Bushiya, miƙo hannu."

Ta ce, "Ba ta mutu ba yau?"

Ya ce, "Da ranta. Yi maza."

'Ya'yan suka sha ɗumi, suka rayu.

Kun ji, alheri daga maƙwabci yake farawa, na kusa ya gani ya kwaikwaya.

Ƙurunƙus! Wa zai ɗebo mini wuta?